Shekarar da Gidan Iya Tabawa Ya Koma Hirundo

Cikin duk shekarun da na yi ina malamin wasanni, akwai rana ɗaya da har gobe ba ta bar zuciyata ba. Ranar gasar gidaje ce, a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke gefen Furana, a ƙasar Ikara. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha tambayata me ya sa nake shan toka duk sanda wani ya kawo shawarar a sake wa gidajen makaranta suna. Yau zan gaya muku. Idan kun ji muryata ta tashi ku yi haƙuri, har yanzu abin yana ci na.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda waɗanda ba su taɓa shirya gasa ba. Ana raba ɗaliban makaranta gida huɗu, kowane gida da launin rigarsa da tutarsa da malamin da ke kula da shi. Sau ɗaya a shekara, a zangon karatu na biyu, bayan an gama girbi hankalin iyaye ya kwanta, sai a sa rana a yi fareti da guje-guje da tsalle-tsalle. Malamin wasanni shi ne sakataren kwamitin gasa: shi ke auna fili, ya ja layi da toka, ya tara maki, ya sanar da sakamako a lasifika. Firinsifal kuwa shi ne shugaban kwamiti, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Lokacin ina mataki na goma na albashi, na shekara bakwai a makarantar.

Ita wannan makaranta ba gwamnati ce ta kafa ta ba. Mutanen gari ne suka gina ajujuwan farko da aikin gayya, daga baya gwamnati ta karɓa. Shi ya sa gidajen huɗu suke ɗauke da sunayen mutum huɗu da suka tsaya a kan ginin. Akwai Gidan Ardo Buba, wanda shanunsa suka ja amalanken ƙasa da dutse. Akwai Gidan Sale Magini, da Gidan Liman Ɗahiru, wanda ya bi gida gida yana lallashin iyaye su saki yara. Na huɗun shi ne Gidan Iya Tabawa. Sanda na je makarantar mazan uku duk sun rasu, Iya kaɗai ta rage.

Filin da muke gasar a kai gonarta ce. Mijinta ya bar mata ita, da aka rasa inda yara za su yi wasa ta ce ta ba makaranta kyauta, ba aro ba. Tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin baki, dillaliyar mazarƙwaila tun tana da ƙarfinta. Ko ni ba ta bar ni ba, Malam Mai Usur take ce mini, wai ba ta taɓa ganin ƙaton da gwamnati ke biya don ya busa ƙarfe ba. A shekarun da na san ta yanar ido ta riga ta rufe mata gani, inuwar mutum kawai take gani. Amma ba ta taɓa fashin gasa ba.

Ga al'adar da muka taras, kuma ita ce tushen labarin. A lokacin fareti kowane gida yana tsayawa gaban mai sunan ko magajinsa. Shugaban ɗaliban gidan ya durƙusa ya miƙa tuta, mai gida ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a, sannan a wuce. Idan an shiga gudu kuma, sunan mai gida yara ke kira. Da wannan ihun Iya take kallon gasa. In ta ji "Tabawa! Tabawa!" ya cika fili, ta san nata ne a gaba, sai ka ga ta miƙe tana dogara sanda tana cewa, "Ku taka, 'yan nema, ku taka!" Da an tashi ta raba wa yara mazarƙwailar da ta zo da ita, nata da waɗanda ba nata ba.

A shekarar da nake ba ku labari aka turo mana sabon firinsifal daga birni. Ba zan faɗi sunansa ba. Tsakani da Allah mutum ne mai son aiki, ya gyara rufin aji biyu, ya hana malamai makara. Amma irin mutanen nan ne da duk abin da suka taras sai su ga ƙauyanci ne. A taron kwamiti na farko ya ɗauki takardar gidaje ya karanta, ya yi wata dariya, ya ce, "Sale Magini? Tabawa? Makaranta ce wannan ko tashar mota? Babban jami'i zai zo daga ofishin shiyya, so kuke in tsaya gabansa ina cewa Tabawa ta zo ta ɗaya?"

Ya ce manyan makarantun da ya sani da harshen Latin suke sa wa gidaje suna, kuma tunda gasar gudu ce, sunayen tsuntsaye yake so, abin da ke tashi, abin da ke da sauri. Nan take ya sa aka kira Mista Bitrus, malamin bayoloji, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya taɓa karatun Latin a makarantar horar da limaman coci. Mista Bitrus bai san me ake ƙullawa ba, ya ɗauki alli da murnarsa, don ya daɗe bai sami mai tambayarsa ba. Ya rubuta avis, ya ce tsuntsu ke nan. Ala fiffike. Volare tashi sama. Celer da velox duk mai sauri. Sannan ya jero tsuntsayen: aquila gaggafa, falco shaho, columba tattabara, hirundo tsattsewa. Ya ce har yau da waɗannan kalmomi masana ke kiran dangin tsuntsayen a duk duniya. Ni kaina na ji daɗin darasin, kuma ku shaida, ba ni da wata gaba da Latin.

Firinsifal ya miƙe bakinsa har kunne, ya raba sunayen kamar mai rabon goro. Gidan Ardo ya zama Aquila, na Liman ya zama Columba, na Sale ya zama Falco, na Iya ya zama Hirundo. Ya ce za a rubuta Volare a ƙofar makaranta. Kowane gida kuma za a nema masa sabon uba cikin masu hali, wanda zai ɗinka wa yara riguna, shi za a tsaya wa a fareti.

Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, riguna muna so. Amma Iya Tabawa tana nan da ranta, kuma filin nata ne."

Ya ce, "Nata ne ko na gwamnati?"

Na ce, "Ita ta bayar."

Ya ce, "To ta bayar, an gode mata, shekara nawa ana gode mata? Malam Haruna, kai busa usur aka ɗauke ka, tsarin makaranta ka bar mini."

Mista Bitrus ya ajiye allin a hankali ya ce, "Yallaɓai, ni kalmomi aka tambaye ni. Da na san sunayen mutane za a cire da ban rubuta ba. Me zai hana a haɗa, a ce Hirundo, Gidan Iya Tabawa?" Firinsifal ya ce ba ya son kwamacala. Sauran malamai kowa ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Da na ga babu sarki sai Allah, na roƙi abu biyu: a je a gaya wa Iya da magadan sauran ukun da baki, cikin mutunci, kuma a ajiye musu kujeru a rumfar manyan baƙi. Ya ce ya ji, shi da kansa zai je, kada wanda ya riga shi, domin maganar shugaba ce.

Sati uku muka yi muna koya wa yara sababbin sunaye. In aka ce su yi kirari sai rabi su ce Hirundo rabi su ce Tabawa. Da firinsifal ya gaji, ya tara su a asambuli ya kafa doka: duk gidan da aka ji yana kiran tsohon suna ranar gasa, za a cire masa maki goma. Wanda ya san gasar gidaje ya san maki goma kofi ne sukutum. Daga ranar manyan ɗalibai suka koma su ke tsare bakin ƙanana. Sau biyu ina tuna masa zancen zuwa gidan Iya, sau biyu yana ce mini an gama da wannan.

Ranar gasa ta zo, wata Alhamis. An kafa rumfa, an zagaye fili da igiya, an sa 'yan sintirin gari a bakin shiga, aka ce musu ba mai ƙetare igiya sai da katin gayyata. Ina tsakiyar fili ina gyara layi na hango hayaniya a ƙofa. Da na matsa sai ga Iya a kan mashin ɗin ɗanta Sabo, manomin rake, ta ci ado da sabon zane, an ɗaure ƙaton daro na mazarƙwaila a baya. Wani ɗan sintiri da bai kai jikanta ba yana ce mata, "Iya, ba kati ba shiga, haka aka ce mana." Ita kuwa dariya take, ta ɗauka wasa yake mata. Nan na gane ba wanda ya je ya gaya mata komai.

Na ɗage igiyar na shigo da ita, na ruga rumfa wurin firinsifal. Na rage murya na ce, "Ranka ya daɗe, Iya ta zo. Ina kujerarta?" Ya dube ni kamar na kawo masa kashi a faranti, ya ce, "Kujeru na masu kati ne. A kai ta wajen mata." Na ce, "Ka ce ka je." Ya ce, "Ban sami lokaci ba. Ka tafi, baƙi na kallonmu." Da ba don idon jama'a ba, ban san abin da zan faɗa masa ba. Na ɗauko benci daga aji na ajiye mata a ƙarƙashin mangwaron da ke kusurwar fili, nesa da rumfa. Ta ce, "Bana nan aka kawo ni? To ai ya fi iska." Kafin in sami bakin yi mata bayani aka buga ganga, aka kira ni a lasifika.

Aka fara fareti. Daga inda nake tsaye ina ganin ta. Da ta ji takun yara ya matso sai ta gyara zama, ta goge tafin hannunta a zane, ta miƙa shi gaba tana jiran tuta. Masu rigar ruwan ɗorawa, gidanta ke nan, suka zo daidai mangwaron. Yara da yawa sun karkata kai suna kallon ta, wata ma ta ɓata taku. Amma suka wuce, suka je gaban rumfa suka durƙusa wa wani Alhaji mai sayar da taki, wanda ya sa hannu ɗaya a tuta ɗaya hannun yana riƙe da waya a kunne. Iya ta bar hannunta a miƙe har gangar ta yi nisa, sannan ta mayar da shi kan cinya.

Aka shiga guje-guje, ni ne mai tayarwa, ba damar in gusa. Fili ya ɗauka: Aquila! Falco! Hirundo! Yaran sun kiyaye doka, ko sau ɗaya bakinsu bai suɓuce ba. Sai da aka ba da hutun sallar azahar na samu na je wurinta. Sabo yana tsaye a bayanta ya harɗe hannu, idonsa ja wur, da gani ya riga ya ji labari a bakin mutane ya kasa gaya mata.

Ta ji takuna ta ce, "Malam Mai Usur, kai ne? Zo nan. Wai 'ya'yana ba su shiga gudun bana ba ne? Tun safe nake kasa kunne, ban ji su ba ko sau ɗaya."

Na durƙusa a gabanta na ce, "Iya, sun shiga. Su ne ma na biyu yanzu." Na gaya mata duk yadda aka yi, ban rage komai ba.

Ta ce, "Wani laifi na yi wa makarantar?"

Na ce, "Ko ɗaya, Iya."

"To wane ne shi wanda aka ba gidan? Ɗan wane gari ne?"

Na ce, "Ba mutum ba ne. Tsuntsu ne, tsattsewa, da wani tsohon yaren Turawa."

Ta ce, "Tsattsewa." Ta jinjina kai. "Ita ma gona ta bayar?"

Na ce ta yi haƙuri ta zauna, zan sake yi wa firinsifal magana, ko a jawabin rufewa ne a ambace ta. Ta ce, "Je ka, ɗan nan, aikinka na jira." Wannan ne karo na farko da ta yi mini magana ba tsokana a ciki, kuma ya fi mini zagi ciwo. Na je na same shi yana cin shinkafa da baƙi. Ya ce jawabi an riga an buga shi, ba a ƙara komai.

Wasan ƙarshe shi ne gudun miƙa sanda na 'yan mata, mutum huɗu kowane gida, kowace ta yi nata zangon ta miƙa wa ta gaba. Aquila ke kan gaba da ɗan maki kaɗan, Hirundo na bin ta, duk wanda ya ci wannan shi ke da kofi. Na busa usur. Ta farko da ta biyu suka tafi kai da kai, ta uku ta Hirundo ta yi tuntuɓe, sanda ya kusa faɗuwa. Da ya isa hannun ta ƙarshe, wata Hauwa'u 'yar ajin ƙarshe, an ba ta rata mai yawa. Yarinyar nan ta sunkuyar da kai ta tashi. Tana cin ratar, tana cin ratar, yara na ihun Hirundo, Hirundo, amma ihun ba ya da jini, kamar masu karatun allo. Da ta zo kwanar ƙarshe ta kamo ta Aquila, ban san wa ya fara ba, sai kawai na ji fili ya tsage: "Tabawa! Tabawa! Tabawa!" Ba gidanta kaɗai ba, har iyaye da ke bayan igiya, har 'yan sintirin. Hauwa'u ta shiga layi ta ɗaya da taku guda.

Na juya da sauri wajen mangwaro don in ga Iya ta miƙe. Bencin ba kowa. Wata mai sayar da gyaɗa ta ce mini tun bayan sallah ta ce wa Sabo ya kai ta gida, kanta na ciwo. Ta bar daron, ta ce a raba wa yara.

Ina tsaye a wurin aka aiko firinsifal na kira. Na kai masa jimlar maki, Hirundo ce ta ɗaya. Ya karɓi biro ya ce, "An karya doka a gaban baƙi. Cire goma." Da an cire, kofi ya koma Aquila. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk filin nan ne ya yi ihun, har da 'yan Aquila. Yarinyar nan da ƙafarta ta ci." Ya ce, "Doka doka ce. Je ka sanar." Babban jami'in shiyya yana zaune a gefe, ya ji komai, ya ci gaba da danna wayarsa. Na ɗauki abin magana na lasifika na ajiye a kan teburin gabansa, na ce, "Wannan sakamakon ba da bakina ba." Shi ya sanar da kansa. Ba wanda ya tafa sai 'yan rumfa, Hauwa'u kuwa ta zauna a kan layin toka tana kuka.

Abin da ya biyo baya kun san irinsa. Ranar Litinin aka ba ni takardar neman ba'asi, wato in bayyana a rubuce dalilin da ya sa ba za a hukunta ni ba kan ƙin bin umurni. Na ba da amsa, aka tura ofishin shiyya, kafin ƙarshen zango takardar canjin wurin aiki ta fito, aka mayar da ni wata makaranta a Kudan. Ban yi nadama ba, kuma ban roƙi kowa ba. Firinsifal ya shekara biyu ya tafi. Wanda ya gaje shi ya ce Latin na ba yara wahala, ya mayar da gidajen Ja, Shuɗi, Fari da Rawaya. Tsofaffin sunayen ba wanda ya sake tada zancensu.

Kafin in bar garin ni da Mista Bitrus mun je gaishe da Iya. Mun same ta a tsakar gida kan tabarma. Mista Bitrus ya fara ba ta haƙuri, ta ce, "Kai malami ne, an tambaye ka ka faɗa, ina laifinka." Na ba ta labarin Hauwa'u, na ce a ƙarshe yara sun kira ta.

Ta ɗago kai ta ce, "Sun kira? Da sunana?"

Na ce, "Duk filin, Iya. Har bakin titi an ji."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ai da na ƙara zama kaɗan."

Ba ta sake taka filin ba har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, mu ma'aikata baƙi ne. Ana turo mu da takarda, a ɗauke mu da takarda, amma makaranta tana nan zaune a kan gonar wani da gumin wani. Duk abin da ka taras ana yi, kafin ka kira shi ƙauyanci, ka tambaya wa ya saye shi, kuma da me. Idan kuwa dole sai an canja, to ka cire takalminka ka shiga gidan mai abin ka gaya masa da bakinka. Tsakanin ofishin firinsifal da ƙofar gidan Iya Tabawa, ko mashin ba a buƙata, da ƙafa ake zuwa. Mutumin nan ya sami lokacin zaɓen fenti na rubuta Volare a ƙofar makaranta, bai sami lokacin wannan tafiyar ba, kuma ni har yau ban yafe masa ba.